Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sayar Da Manyan Motoci Sababbi A Arewacin Kamaru

Zuwa ga shugabannin kamfanonin da ke sayar da manyan motocin shiga sababbi, irin kat-kat masu ja da ƙafa huɗu, a Kamaru, da manajoji da wakilansu na Ngaundere da Garwa da Marwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Ranku ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, nan aka haife ni, nan kuma nake neman abincina. Wannan takarda ba da bakina kaɗai na rubuta ta ba. Muna da majalisar da muke zama bayan la'asar, cikinmu akwai dillalan shanu masu cin kasuwar Adumri, da masu lodin albasa da gyaɗa zuwa kudu, da masu atamfa da shadda, da masu motocin dakon kaya tsakanin Ngaundere da Kusiri. Ba mu da rajista, ba mu da hatimi. Amma kusan kowannenmu ya taɓa ɗaukar kuɗi masu nauyi ya kai muku ya karɓi mota sabuwa dal, kuma kusan kowannenmu yana da labarin da in ya fara bayarwa sai an ba shi haƙuri. Abin da ya sa aka ce in ɗauki alƙalami yanzu shi ne motar wani dattijonmu, wadda ta shiga wata na uku a garejin ɗayanku ana jiran ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Ba zan kama sunan kamfani ko na ma'aikaci ba. Wanda ya tsargu ya san kansa.

Kun san, mu ma mun sani, cewa irin motar da kuke ajiyewa bayan gilashi ana samun ta da sauƙin kuɗi ta hannun dillalan Dubai, ko a samo mai ɗan shekaru daga Kwatano. Duk da haka muke zuwa wurinku, mu biya kuɗin duwan, wato kwastan, mu biya harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, mu biya ribarku a kai, ba tare da doguwar tayawa ba. Me muke saya da wannan ƙarin? Kwanciyar hankali. Muna so in mota ta yi tari a hanyar Marwa mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, a kuma buɗe mana. Wannan ne muka biya, shi ne kuma har yau ba mu karɓa ba.

Daga bakin ƙofa abin yake fara lalacewa. Wani dattijo cikinmu, wanda duk mai shiga kara a wannan yanki ya san yawan garkensa, ya taso daga kasuwa bai biya gida ba, da ƙura a rigarsa, da takalmin roba, da 'yar jaka a hammata. Mai gadi ya tare shi da tambayar wa yake nema. Da ya samu ya shiga, sai ya tarar da samari uku masu ɗaure wuya suna shan sanyi, kowa kansa a waya. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ta gilashi, babu wanda ya motsa. Da ya tambayi kuɗinta da Fulatanci, aka amsa masa da Faransanci cewa wannan tana da tsada, in patron ɗinsa ne ya aiko shi, ya koma ya ce masa ya zo da kansa. Dattijon bai ce uffan ba, ya saɓa jakarsa ya fita. Bayan wata biyu muka ga irin motar a ƙofar gidansa, ta Dubai ta biyo. Mu da muke zaune a rumfa, in yaro ya yi wa mai saye haka, ranar zai bar shagon. Kowane ɗan kasuwa a nan ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai kuɗin Arewa ba ya sa kwat don zai je sayen mota.

Abin da ya fi ba ni haushi cikin wannan labari shi ne harshen. Daga Ngaundere har Kusiri da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa ake ciniki. Da yawa daga cikin yaran da kuke ɗauka aiki da ɗaya daga cikin harsunan nan aka yi musu raino, amma da sun shiga ofis sai su rataye shi a bakin ƙofa kamar rigar da ta yi datti. Sai a kawo wa mutum takarda mai shafi biyar da ƙananan rubutu, a nuna masa inda zai sa hannu, ba wanda ya zauna ya warware masa abin da ke ciki. Ranar da rigima ta taso, wannan takardar ce ake zarowa daga durowa.

Mata kuwa nasu ya fi muni. Wata Hajiya mai shigo da atamfa, wadda ta riƙe gida da shaguna tun rasuwar maigidanta, sau biyu ana tambayarta ina Alhaji, ko za ta kira shi ya zo a yi magana. Kuɗin nata ne, da guminta ta tara su.

Amma fa in mutum ya ci sa'a aka gane yana da kuɗi, ranar biya ba a magana. Ga kujera, ga ruwan sanyi, ga shayi, ga "ranka ya daɗe, Alhaji", har da ɗaukar hoto da maƙulli. Da kuɗin sun shiga asusu sai yanayi ya juya. Wanda ya ba da kafin alƙalami aka ce masa mako uku, sai ya yi wata uku yana bugun waya. Yau a ce motar tana cikin jirgi, gobe tana tashar Duwala, jibi wanda ya san zancen ya tafi hutu. In ta iso kuma, sai a shiga jiran takardu. Mota tana ƙofar gida, amma kart griz, wato takardar rajistar mota, ba ta fito ba, direba yana yawo da 'yar takardar wucin gadi da kwananta ya kusa ƙarewa, kowane shingen jandarma sai ya sauka ya yi bayani. Wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Marwa ya san bayani a shinge ba da baki kawai ake yin sa ba.

Yanzu ga babbar maganar, kayan gyara. A nan zan ba da nawa labarin.

Motata ba ta cika shekara ba sanyinta ya mutu. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ga azumi a baki. Na kai ta gareji, aka sa mata kwamfuta, aka ce injin sanyin ne, yana cikin garanti, amma babu shi a nan sai an aiko daga Duwala. Na ce to. Mako ya wuce, aka ce a Duwalan ma babu, an yi oda daga waje. Na tambayi ranar da zai iso, aka ce "ba da daɗewa ba". Daga nan duk wanda na kira sai ya tura ni wurin wani, har na haddace waƙar jira ta wayarsu. Mako goma sha ɗaya cif motar ta yi. Ba a ba ni wata in riƙa lallaɓawa ba, ba a kira ni ko sau ɗaya ba, duk kiran da aka yi ni na yi shi da katina. Na yi sallah a motar ƙanena, na je ta'aziyya Gidar a motar haya. Bakaniken unguwarmu, wanda ya san mota tun ina yaro, ya ce in na yarda zai aika Ƙofar Ruwa a Kano, cikin kwana huɗu kayan suna hannunsa. Na faɗa wa mutanen gareji, suka ce in wani ya taɓa ta garanti ya faɗi. Wato ba su gyara ba, ba su kuma bari a gyara ba.

Ba na cewa duk laifin naku ne. Na san daga Duwala zuwa Garwa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ta Yawunde da Bertuwa da Garwa-Bulai da Meganga, kafin a gangaro tsaunin Ngaundere. Na san kaya suna daɗewa a tasha, ko ta Duwala ko ta Kiribi. To amma jirgin ƙasa yana tasowa daga Yawunde da yamma ya wayi gari a Ngaundere. Garwa da Marwa da Ngaundere duk suna da filin jirgin sama. Mai sayar da kilishi yana aika kaya kudu su isa kafin su lalace, yaya kamfani mai rassa a ƙasashe zai kasa kawo ƙarfen da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya? Kuma kafin ku sayar mana da motar kun san inda za ta zauna. Kun san ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, kun san abin da hanyar Mora zuwa Kusiri take yi wa ƙafafun mota, kun san abin da zafi yake yi wa batir da robobi da injin sanyi. Abubuwan da ke mutuwa a Arewa sanannu ne, ba su fi a rubuta a shafi ɗaya ba. Wanda yake sayar da fitila ai ya kamata a samu lagwani a shagonsa.

Garanti kuma ya zama kamar inuwar giginya, na nesa ka sha. A bakin mai talla shekaru ne da dubban kilomitoci. A bakin mai gareji dalilai ne na ƙin biya. Wanda aka fi ji shi ne "man da kuka sha ba shi da kyau". Gaskiya ɗaya ce, akwai masu shan zuwa-zuwa, wato man sumoga daga Najeriya, a cikinmu, akwai kuma direbobin da ake ba kuɗin gidan mai su tsaya wurin mai kwalba su soke canji. Kafin Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023 ma abin ya fi haka yawa. Ban zo in wanke kowa ba. Amma zargi ba hujja ba ne. Wani abokinmu da bai taɓa shan mai a wajen gidan mai ba, yana da rasit ɗinsa a ajiye, injin motarsa ya samu matsala, aka ce gazuwal ɗinsa ne, wato man dizal ɗin da yake sha. Ya ce a ɗebi man a auna a gabansa, a ba shi sakamakon a rubuce. Aka ce babu abin aunawa a nan. To da me aka gane laifin man ne, da ƙamshi? Wani kuma an kayar da garantinsa don ya wuce lokacin juyen baƙin mai da 'yan kilomitoci kaɗan, alhali shi ya kira ya nemi rana aka ce babu wuri sai bayan kwana goma. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mai saye tun ranar farko ba a faɗa. Masu ƙera motoci da kansu suna rubutawa a littafin mota cewa wadda ke aiki cikin ƙura da zafi da munanan hanyoyi tana bukatar juyen mai da canjin matata da wuri fiye da wadda ke yawo a kwalta mai kyau. Littafin yana cikin akwatin gaban mota da harshen da mai motar ba ya karantawa. Minti biyar na bayani da Fulatanci ko Hausa, a gaban direba, da ya hana asarar miliyoyi.

Maganar kuɗin gyara ba zan tsawaita ta ba. A faɗa maka kuɗi kaza da baki, ka zo ɗauka ka tarar da faktir, wato takardar kuɗin da za ka biya, ta ninka, an canja abubuwan da ba a shawarce ka ba. Ka ce a nuna maka tsofaffin da aka cire, a ce an zubar. Ka tambayi dalilin tsada, a ce canjin kuɗi ne, har a kan kayan da aka shigo da su daga Turai, alhali sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 tun 1999, ba ta motsa ba. Mu 'yan kasuwa ne, lissafi muke kwana da shi. Fiye da mutum ɗaya cikinmu kuma ya karɓi motarsa ya ga kilomita ta ƙaru, mai ya ragu, kujera ta ja baya, rediyo yana wata tashar da bai taɓa kamawa ba. Gwaji bayan gyara mun san da shi, amma gwaji ba ya kai mota biki.

Abu na gaba ya wuce ɓacin rai, rayuka ya shafa. A duniya in kamfani ya gano aibi a motar da ya ƙera, yakan kira masu ita su kawo a gyara kyauta. Mafi girman irin wannan kira shi ne na jakar iskar kamfanin Takata na Japan, wanda ya shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da yawa, har ya kai Takata ga karyewa a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa ne in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe ta watsa wa direba ɓarɓashin ƙarfe, kuma mutane sun mutu ta haka. Zafi da laima kuwa, wanda ya yi damina a bakin Binuwai ba sai an ba shi labari ba. Na tambayi mutanen majalisarmu ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda aka taɓa kira aka ce ya kawo motarsa a duba wani aibi daga masana'anta, ko a ce masa an duba lambar motarsa ba ta ciki. Ban samu ko ɗaya ba. Lambobin wayarmu suna wurinku, domin duk sabuwar mota da ta iso saƙon talla yana samun mu.

Na san wani zai karanta ya ce kukan daɗi ne, masu kuɗi suna ƙorafi mutane suna neman na hatsi. Yana da gaskiyarsa, ban kuma ce damuwarmu ta fi ta kowa ba. Sai dai kat-kat a wannan yanki jakin aiki ce. Da ita ake shiga ƙauyuka da damina, da ita ake kai mara lafiya asibiti da dare, kuma irinta ce asibitoci da masu aikin agaji suke amfani da ita. Motar ɗan kasuwa in ta kwanta, direba ya kwanta, yaron mota ya kwanta, cinikin kasuwa uku ya wuce. In kuma haka ake yi wa wanda ya ajiye miliyoyi, ina ga wanda ya zo sayen babur ko 'yar ƙaramar mota da bashin banki?

Ina kuma so in ware kanikawanku. Cikinsu akwai gwanaye, yaran kirki masu hannu, waɗanda sau da yawa su ne suke jan mu gefe su faɗa mana gaskiyar abin da ake ciki. Ba su suke riƙe da maƙullin sito ba, ba su suke sa hannu a takardar garanti ba. Kowane ƙaramin hukunci sai an jira Duwala, manajan reshe yana nan kamar hoto a bango.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku ajiye a Garwa, ko a Ngaundere inda jirgin ƙasa yake tsayawa, kayan gyaran da kuka san suna yawan mutuwa a Arewa. Wanda babu shi, a rubuta wa mai mota ranar da zai iso, a kuma kira shi in ranar ta canja, kada a bar shi yana bin ku. In motar da ke cikin garanti za ta wuce mako a gareji, a ba mai ita wata ya riƙe, ko a ba shi izini a rubuce ya samo kayan da kansa ku ɗaura masa ba tare da garanti ya faɗi ba.

Duk garantin da za a ƙi biya, a ba da dalili a rubuce da sa hannun mai alhaki. In mai ake zargi, a ɗebe shi gaban mai mota, a raba biyu, a ba shi nasa. Kada a taɓa ko ƙusa ɗaya da ba ta cikin kuɗin da aka yi yarjejeniya sai an kira shi ya yarda, a kuma mayar masa da tsofaffin kayansa. A rubuta kilomita da yawan mai ranar shiga da ranar fita. Wannan biro kawai yake ci.

Ku sa a kowane reshe wanda aikinsa ne ya karɓi mutane da Fulatanci da Hausa, da Larabci a inda ake jin sa, ya karanta musu takardar ciniki da ta garanti kafin su sa hannu. Ku gaya wa yaranku, har da mai gadi, su tashi su gaida duk wanda ya shigo, da rawani ya zo ko da takalmin roba, namiji ne ko mace. Ku ba manajojinku na Arewa ikon yanke hukunci, da lambar wani babba da za a kira in sun gaza, wadda ake ɗauka. Ku kuma bi lambobin motocin da kuka sayar a nan ɗaya bayan ɗaya, ku sanar da kowa ko akwai kiran gyara daga masana'anta a kan tasa.

Yawancin waɗannan ba alfarma ba ce. Dokar kare haƙƙin mai saye, mai lamba 2011/012 ta ranar 6 ga Mayu 2011, ta wajabta wa mai sayar da kaya masu daɗewa irin mota ya ci gaba da kula da su bayan ciniki, ta wajabta ba mai saye bayani gamsasshe, ta kuma tanadi kwamitocin sauraron ƙorafi. Har yau ba mu bi wannan hanya ba, don mu mutane ne da suka saba kashe magana a zaure. Amma mun fara tattara takardunmu, faktir da rasit da saƙonnin waya, kuma za mu miƙa kwafin wannan wasiƙa ga wakilin Ma'aikatar Kasuwanci na yankin Arewa. Uku daga cikinmu suna da niyyar canja mota kafin damina mai zuwa, dillalan Dubai kuma sun riga sun fara aiko musu da hotuna. Sun ce za su dakata su ji amsarku.

In kuna son a zauna, ku aiko mana da wanda maganarsa take da nauyi, ba yaron talla ba. Za mu zo da dattijon da motarsa take garejinku, da Hajiya, da takardunmu. Ku sa rana, in ban da Juma'a da ranakun kasuwar shanu.

Allah ya ba mu alheri baki ɗaya. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa a Garwa, a madadin 'yan majalisarsa.